Ranar da Aka Ɗora wa Motarmu Jinka

Na yi shekara talatin da wani abu ina koyarwa a firamare. Na ga rigimar yara iri-iri, na ga ta iyayensu wadda ta fi tasu, kuma yawanci duk sun shuɗe mini. Wadda ba zan manta ba har ƙasa ta rufe mini ido ita ce rigimar wasu tsofaffi biyu, maigidana da yayarsa, wadda ta kai mu ga kwana cikin mota mai rufin ciyawa a wani ƙauye da ke bayan Kebbe.

Dole in fara da motar. Malam, maigidan nawa, ya yi ritaya daga aikin malamin gona a Tambuwal, ni ma na ajiye alli ba da daɗewa ba. 'Ya'ya duk sun kama gabansu, gida ya yi mana faɗi. Ni dai na samu abin yi, ga islamiyya ga 'yan kajina. Shi kuwa mutumin da ya saba kullum yana bisa babur daga wannan fadama zuwa waccan, zama ya zame masa ciwo. Ya gyara duk abin da ya lalace a gida, ya koma kwance wanda bai lalace ba don ya samu abin gyarawa. Ana cikin haka babban ɗanmu, Allah ya shirye shi, ya saya masa babbar waya. A cikinta ya ga wasu tsofaffin Turawa, miji da mata, sun mai da mota gida suna yawon duniya. Tun daga ranar ban sake samun sakat ba.

Wata tsohuwar bas ya sayo, irin waɗanda suka gaji da hanyar Sakkwato har aka yafe musu. Aka cire kujeru, kafinta ya buga gado a baya, mai walda ya kafa wa tukunyar gas mazauni, aka huda rufin aka ɗora sola don fanka da cajin waya. Ni aka sa ɗinka labule, ina ɗinki ina mita. Da na tambaye shi ina za mu da wannan keji, sai ya gyara zama kamar mai shirin wa'azi.

"Hajiya, zumunta a ƙafa take," in ji shi. "Tamu ƙafar ta tsufa, sai mu ari ta roba. Mu zagaye dangi dut, naki da nawa, kuma ba mu ɗora ma kowa nauyi. Ga ɗakinmu, ga tukunyarmu. Mu gaishe su, mu yi musu addu'a, mu kwana cikin abinmu."

A lokacin maganar ta yi mini ma'ana, ba zan ɓoye ba. Na san yadda baƙo ke girgiza gidan talaka: a yanka kazar da ake ji da ita, a tashi yara daga ɗakinsu, a aro katifa a makwabta. 'Ya'yanmu ne suka yi ta kiran waya suna cewa za mu ja musu abin faɗa, ga kuma halin da hanyoyi suke ciki. Malam ya yi musu alkawarin ba za mu yi tafiyar yamma ba, suka haƙura don sun san halin ubansu.

Ana gobe za mu tashi ne bakinsa ya jawo mana. Abokansa na majalisa suna zaune gindin dalbejiyar ƙofar gida suna kallon motar, sai ɗaya daga cikinsu ya ce, "Kwana biyu na ba ka. Sauro na korar ka, ka tai kana sallama zauren mutane." Aka kwashe da dariya. Ina cikin zaure da tsintsiya a hannu na ji Malam ya ɗaga murya.

"Wallahi tallahi, daga randa nib bar garin ga har randa nid dawo, ban kwana ɗakin kowa sai cikin motag ga!"

Na ce a raina, baki shi ke yanka wuya. Da ya shigo na yi masa magana, ya ce ai rantsuwa a kan gaskiya ba ta da nauyi.

Kwanakin farko sun yi daɗi, wannan kam sai in faɗa. Mu tsaya bakin fadama, ya ja mu salla ni da shi kawai, in dafa shayi muna kallon shanu. Shekara arba'in da aure, a nan ne muka fara yin hira mai tsawo ba wanda ya yi sallama ya katse mu. Abin da ke ƙona mini rai guda ne: ya ce dole gaban mota ya kalli alƙibla duk inda muka sauka, sai ya yi ta gaba da baya yana duba waya har lokacin sallar ya nemi wucewa. Ga kuma fasinja. Duk inda muka rage gudu sai an ɗaga mana hannu. Wata rana mun idar da azahar muka tarar da wani dattijo zaune a kan gadonmu da akuyarsa, yana tambayar yaushe mota za ta cika.

Dangi kuwa tun a Dogon Daji na fara ganin alamar da ban so ba. Muka sauka ƙofar gidan wani ɗan kawun Malam, aka yi murna, aka share mana ɗaki. Malam ya ce a bar shi, mun zo da namu. Matar gidan ta fito da kwanon tuwo ta same ni ina soya albasa cikin mota. Ta dubi tukunyata, ta dubi kwanonta, ta ce, "Ashe kun ɗora." Ta juya da abinta. A Sanyinna, wajen 'yan'uwana, haka aka yi. Labari kuwa ya riga mu gaba. Wasu suka ce sammu muke tsoro, wasu suka ce ƙyamar gidajen ƙauye muke yi, wasu suka ce ni ce na mallake shi har na hana shi cin tuwon danginsa. Na gaya wa Malam, ya ce mutane ba su saba da ci gaba ba ne, za su gane.

Haka muka isa ƙauyensu a farkon damina, wajen Yaya. Ita ce babbar yayarsa, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau Auta take kiransa duk da furfurar da ta cika masa gemu. Ni kuma Amarya take ce mini, ko da jikokina sun kusa aure. Mace ce 'yar ƙarama, ta rankwafa, amma in ta yi magana ko maigari sai ya gyara tsayuwa. Bayan mijinta ya rasu ta dawo gidan ubansu, ɗanta ya gina mata ɗakin kwano. A tsakiyar gidan kuwa akwai wani ɗakin ƙasa zagayayye mai jinka, shi kaɗai ya rage irinsa. Ɗakin mahaifiyarsu ne, a ciki aka haifi Malam. Ta hana a rushe shi, ta hana a sa masa kwano.

Ta tarbe mu da guɗa, ta kama hannunsa ta ja shi har ƙofar ɗakin. An yi sabuwar jinka, ciyawar tana ƙamshi. An yi sabon daɓe, an shimfiɗa tabarma sabuwa, ga randa cike da ruwa.

"Tun da nij ji kana tafe nis sa anka yi," in ji ta. "Ku shiga ku aje kaya."

Malam ya fara yi mata bayanin da ya saba, na nauyi da ɗawainiya da ci gaba. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Mi kac ce?" Ya sake maimaitawa, wannan karon ya haɗa da zancen rantsuwa.

"To ni ma ina da baki," in ji Yaya. "Wallahi tallahi, Auta, yau ɗakin Inna kaka kwana!"

Ga rantsuwa biyu sun yi karo a tsakar gida, ga ni tsaye tsakaninsu da jakar hannu. Aka aika a kira liman. Bawan Allah ya zo ya zauna, ya saurari kowa, ya ce abin mai sauƙi ne: ɗaya ya janye, ya ciyar da miskinai goma, magana ta ƙare. Ya dubi Malam. Malam ya ce shi ya riga rantsewa, kuma a gaban mutane. Ya dubi Yaya. Yaya ta ce ita ta riga shi zuwa duniya, ita ta wanke masa kashi, ba ta ga ranar da za ta yi kaffara saboda yaron da ta goya ba. Liman ya ce to a yi haƙuri a sake tunani zuwa la'asar.

Na ja Malam gefe na ce masa, "Kai ko kunya ba ka ji? Tsohuwag ga ta yi daɓe da gwiwoyinta." Ya ce in ya karya yau, da wane ido zai kalli 'yan majalisa? Na ce 'yan majalisa ne suka goye ka? Ya shige mota ya ja labule. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na ji abin da shi bai ji ba: Yaya ta ce a gaban matan gida, in ya bar garin nan bai kwana ɗakin ba, ko gawarta kada ya zo. Kuma ita ba ta faɗin abin da ba ta nufi.

Bayan la'asar muna zaune cikin mota, sai na ji hayaniyar maza a cikin gida, ana "Ku kama! Ku ɗaga nan!" Na ɗaga labule. Wallahi na ɗauka idona ne. An buɗe darnin gidan ta gefe guda, ga jinkar ɗakin Inna tana tahowa ita kaɗai, ba ka ganin komai ƙarƙashinta sai ƙafafun mutane. Wanda ya tashi a ƙauye ya san jinka a ƙasa ake ɗaura ta, maza su taru su ɗauka su ɗora wa ɗaki. To yadda ake ɗorawa haka ake saukewa, abin da Yaya ta tuna ke nan. Ta tara majiya ƙarfin unguwa, 'ya'yan ƙanne da jikoki, ba wanda ya isa ya ce mata a'a. Tana gaba da sandarta tana nuna musu hanya.

Malam ya faɗo daga mota ba takalmi. "Yaya, mi na wanga?"

"Tun da kai ba ka zuwa ɗakin, ɗakin shi zo maka," in ji ta. "Ku ɗora!"

"Sola! Ku bi sannu da sola!" Abin da ya iya faɗa ke nan.

Suka sa gwafanni suka ɗaga, wasu suka hau rufin suna ja, mata na guɗa, yara na tsalle. Jinka ta zauna bisa motarmu kamar malafa a kan manomi, bakinta ya sauko ya rufe tagogi har rabi. Liman ya iso yana haki, aka tambaye shi hukuncin wannan. Ya zagaya motar, ya kama gemu, ya ce shi dai bai kai nan a karatu ba.

Ni ce na fara lura da gabas. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ga ɗakin Inna a buɗe yana kallon sama. Mutane suka ce, "Iya, a mai da jinka, ruwa na tafe." Ta ce ruwa na Allah ne, jinka tata ce, ba inda za ta sai Auta ya kwana ƙarƙashinta. Aka juya wajen Malam, ya ce shi bai ce a kawo ba. Mata suka yi sauri suka kwashe tabarma da randa. Ana kiran magariba iska ta taso, sai ga Yaya ta rankwafo ta ƙarƙashin ciyawa da butarta da dardumarta, ta shigo mota ba sallama. Ta ce ba a neman izini ƙarƙashin jinkar uwa.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Wani abin dariya, tun da muka fito rufin motar ke yoyo ta inda aka huda don sola, kullum sai na tara roba a kan gado. Ranar ko ɗigo bai shigo ba. Malam ya ja mu salla a takure, kansa na gogar rufi, muka idar muka zauna mu uku gwiwa na taɓa gwiwa. Na kunna gas zan dafa shayi, Yaya ta harare ni, na kashe. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙullin dambu, muka ci.

Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Shekara da shekaru kana zuwa garin ga da motar ofis. Direba ko kashe ta bai yi. Ka durƙusa, ka aje min sabulu da atamfa, ka ce aiki. In ce to, aiki na. Dut shekarar da jinkag ga tat tsufa sai in sa a sake, in ce wata rana aikin na ƙarewa. Anka ce min ka aje aiki, nic ce alhamdulillahi. Sai ga ka da ɗakinka bisa taya." Sannan ta ce, "Da can aiki yah hana ka. Yanzu mi na?"

Malam ya ce a hankali, "Ban son in wahal da ke, Yaya."

"Wa yac ce maka ban son wahalar? Mi gare ni da zan ba ka in ba ita ba?"

Ni kuwa hawaye suka zubo mini, don na tuna matar Dogon Daji da kwanonta. A ranar na gane abin da muka yi ta yi wa mutane muna tsammanin alheri ne.

Da gari ya waye muka shiga gida. Ɗakin Inna ya sha ruwa ciki da waje, bangon gabas ya zube har ƙugu, sabon daɓen ya koma taɓo. Yaya ta tsaya ta dogara da sanda tana kallo, wannan bakin da ba ya mutuwa ya mutu. Ban taɓa ganin ta tsufa ba sai a wannan safiyar. Malam ya daɗe tsaye a bayanta. Sai na ga ya tuɓe riga ya miƙo mini, ya naɗe wando, ya ce a kawo masa fartanya da ruwa, a kuma kira liman.

"Liman, miskinai goma kac ce ko?" in ji Malam da liman ya iso. "A nemo su. Ni ka yin kaffara."

Neman miskinan ma wata rigima ce. Da farko duk wanda aka taɓa sai ya ce shi ya fi ƙarfin sadaka. Da aka ji shinkafa ce da naman rago, sai rabin gari suka tuna ashe su mabukata ne. Malam ya sayo kaya, ya ce in dafa a gas ya fi sauri. Yaya ta ce in na taɓa tukunyar nan sai ta sake rantsewa. Ita ta tsaya a kan murhu, ni ina miƙa mata itace.

Gini da damina kuwa sai haƙuri. A ɗora ƙasa kaɗan, a rufe da tamfol, a jira ta sha iska, ruwa ya zo a sake jira. Jinka ba ta da wurin komawa sai bango ya bushe, don haka ta ci gaba da zama bisa mota, mota kuma ba ta motsi. Muka shafe kusan mako uku a haka. Mutane suka riƙa zuwa a kan babura daga ƙauyuka, har daga cikin Kebbe, suna ɗaukar hoto. Kajin Yaya suka samu sabon wurin kwana, wata har ta yi ƙwai kusa da sola. 'Yarmu ta Sakkwato ta kira ni tana salati, ta ce, "Mama, don Allah ki ce min ba ku ne nika gani cikin waya ba." Na ce mu ne, kuma ubanki na can cikin taɓo har gwiwa. 'Yan majalisar da yake tsoron idonsu ma sun gani, sun yi dariyarsu sun gaji, ba abin da ya ragu a jikinsa.

Ranar da bango ya bushe aka sake tara maza, aka sauke jinka daga mota aka mai da ita mazauninta da guɗa kamar ana kai amarya. Malam da kansa ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa. A ɗakin muka kwana ni da shi, ba fanka, ba labule, ga sauro na ta hidimarsa.

Da asuba na fito zan yi alwala, na kusa tuntuɓe da mutum. Yaya ce zaune a kan turmin da aka kifa, jingine da bangon ɗakin, zanenta ya jiƙe da raɓa. Na tsorata na ce, "Yaya, lafiya? Tun yaushe kike nan?"

Ta ɗora yatsa a baki. "Yi sannu, Amarya, kar ki tashe shi. Ji minsharin nan." Muka yi shiru, yana ta jan abinsa a ciki kamar injin niƙa. Ta ce, "Irin na Baba na, sak. Rabona da in ji shi cikin gidan ga tun ina da haƙora." Tana dariya, hawaye na bin kuncinta.

Har yanzu motar tana nan, kuma muna fita da ita in hanya ta yi kyau. Amma in mun isa gidan dangi, a waje muke barin ta da tukunyarta. Mu shiga da sallama hannu biyu, mu ci abin da aka ba mu, mu kwana inda aka shimfiɗa mana, ko da an tashi yara ne. Abin da tsohuwar nan ta koya mini, ni da na tsufa ina koyar da wasu, shi ne ziyara ba kai jikinka ƙofar mutum ba ce kawai. Wanda ke ƙaunarka yana da haƙƙin ya wahala dominka, kuma sau da yawa wahalar ce kaɗai abin da ya mallaka da zai ba ka. In ka ƙi karɓa wai don tausayinsa, to kai ne ka zo, amma shi ka bari da hannu wofi.